Bushiya da Ankon Bikin Gafiya

An yi wata Bushiya a gindin wani tsohon rumbu, mai kunya, mai son zumunci. Abu ɗaya ne ya dame ta a duniya, ƙayar bayanta. In ta hau tabarma sai kowa ya matsa. In ta zo runguma sai a ce, "Daga nan ma mun gaisa."

Maƙwabciyarta Gafiya ce, mai kumatu kamar buhu biyu, mai bakin da ya fi kumatun. Da za ta aurar da 'yarta sai ta fitar da anko, atamfa ruwan ganye, ta ce duk wadda ba ta ɗaura ba kada ta taka mata ƙofar rami.

Bushiya ta karɓi nata tana murna. Tana ɗaurawa, ƙaya ta huda zanen wuri arba'in.

"Wannan zane ne ko rariya?" in ji Gafiya.

"Yaya, ba da gangan ba ne."

"To je ki a aske miki sarƙaƙƙiyar nan, ki zama kamar kowa. In kin ƙi, ki ji kiɗa daga gida!"

Bushiya ta tafi wajen Ƙadangare wanzami, wanda kome aka faɗa sai ya gyaɗa kai.

"Baba, aske min duka. Zan yi kyau, ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Ko dai muni zan yi?"

Ya gyaɗa kai.

Ya wasa aska, ya cire ƙaya ɗaya tak. Iska ta taɓa wurin, Bushiya ta ji sanyi har ƙashi. Ya ɗora mata ƙayar a tafin hannu, ya ce, "'Yata, ni aski na iya, ban iya dashe ba. In ci gaba?"

Ta duba ƙayar. Gindi baƙi, tsini fari, irin ta mahaifiyarta sak. Ashe duk zamanta ba ta taɓa ganin bayanta ba, sai dai abin da aka ce mata.

"Bar shi haka, Baba. Na ji kiɗan daga gida."

Ranar biki da hantsi ta zauna bayan rumbu cikin rariyarta, tana kaɗa ƙafa, tana share hawaye. Ɓeraye sun cika fili, kowa ruwan ganye, har ba a gane wace ce uwar wani. Gafiya kuwa tana zagayawa wai duba baƙi take, alhali gyaɗar baƙin take ɗurawa a kumatu.

Sai ga Muzuru, ba goron gayyata.

Fili ya watse! Amarya da ƙawayenta da 'yan anko duk suka afka rami. Gafiya ta zo shiga, kumatu suka ce ba da su ba. Hanci a ciki, wutsiya a waje. Muzuru ya damƙi wutsiyar ya zare fatar rabinta. Zafi ya sa ta tofar da gyaɗar, ta faɗa ciki tana ihu.

Muzuru ya durƙusa zai zura hannu ya zaɓi mai ƙiba. Bushiya ta rugo a guje, ta faɗa bakin ramin, ta dunƙule ta toshe shi.

Ya kai mari, ya yi ƙara. Ya kai hanci, ya yi wadda ta fi ta farko. Ya tafi da ƙafa uku yana cewa dama ba yunwa yake ji ba.

Da ƙura ta lafa, Gafiya ta fito tana jan wutsiya rabinta fari fat, kuma haka jikokinta suka gada. Ta shimfiɗa tabarma da kanta.

"Ƙanwata, zo nan kusa da ni."

"Zan soke ki, Yaya."

"Soke ni mana! Amma don Allah ta gefen da ba ciwo."

Bushiya ta zauna, ta baza ƙayarta sosai. Ba wanda ya matsa.

Darasin wannan labari shi ne, yarana, kada ku aske abin da Allah ya ba ku don a ce kun yi kama da kowa. Abin da ake yi muku dariya a kansa yau, wataƙila shi ne zai tsare ƙofa gobe. In ma bai tsare kome ba, naku ne, ku riƙe shi da daraja. Masu kumatu kuma, a rage ɗura.