Saurayin da Ya Ƙi Kashe Inji

Akwai wani saurayi da ya bar garinsu ya tafi wata ƙasa mai nisa neman abin kansa. Ya daɗe a can, har yaran da ya bari suna rarrafe suka shiga makaranta. Da aka sa ranar auren ƙanwarsa Tabita, sai ya tattaro ya dawo gida, ya kuwa dawo da mota. Ba irin wadda ake loda wa buhunan masara ba ce. Ja ce wur, cikinta ya kusa shafar ƙasa, in aka tashe ta sai karnukan unguwa su amsa mata.

Waɗanda suka ƙera motar nan sun san ƙarfin da suka zuba mata ya fi ƙarfin hannun mutum. Saboda haka suka sa mata masu tsaro a ciki, waɗanda ido ba ya gani. In direba ya kauce daga layinsa, sai sitiyari ya yi rawa a hannunsa ya ja shi ya koma. In wani abu ya gitta ta gabansa, sai motar ta yi ƙara, in bai taka birki ba ta taka masa. In kuwa taya ta fara santsi, sai ta rage wuta da kanta ta riƙe tayar, tun direba bai san an yi ba.

Saurayin bai ƙaunaci masu tsaron nan ba ko kaɗan. Shi mutum ne da zama ba ya karɓarsa, tun da ya dawo kuwa yake ganin komai na garin yana jan ƙafa. Akuya ta gitta, mota ta yi ƙara. Mai babur ya matso, mota ta yi ƙara. Yakan bugi sitiyari ya ce, “Ni da na saye ki, ni za ki riƙa ja wa kunne?”

A ƙasar nan kuwa samari suna da al’adar wasan mota a ranar biki. Ana gobe ɗaurin aure, abokinsa na ƙuruciya, Barnaba, ya zo ya zagaya motar yana shafa ta kamar mai taya saniya a kasuwa.

Ya ce, “Mutumina, Allah ne ya kawo ka. Ka san mutanen garin angon nan sun raina mu? Bara wani yaronsu ya zo nan ya juya wata akwalar mota a filin makaranta, har yau gori suke mana. Gobe ka nuna mana a nan, sa’an nan in an kai amarya ka je ka nuna musu a ƙofar gidansu.”

Saurayin ya ce, “An gama. Za su san gidanmu ya haifi namiji.”

To, motar nan ba ta yarda a juya ta muddin masu tsaro suna aiki. Sai an kashe su, kashe su kuma ba a yinsa da kuskure. Akwai wani maɓalli a tsakanin kujerun gaba. Sai mutum ya danna shi ya riƙe, ya yi ta riƙewa, har motar ta rubuto masa tambaya a allonta ko da gaske yake. In ya amsa, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, alamar cewa daga nan shi da hannunsa ne. Amma duk lokacin da aka kashe inji aka sake tayarwa, masu tsaron sukan dawo bakin aikinsu, kamar ba a taɓa korarsu ba.

Kashegari aka ɗaura aure a majami’a, aka ci aka sha a filin makaranta. Da rana ta karkata, saurayin ya shiga motarsa, ya danna maɓallin ya riƙe. Motar ta tambaye shi, ya amsa. Ya taka totur, bayan motar ya yi wurgi, ta shiga juyawa a wuri ɗaya, ciyawa da tsakuwa suna tashi, tayoyi suna ƙauri. Samari suka yi ta ihu suna jefa huluna sama. Daɗi ya cika masa ƙirji, ya ce a ransa, saura na garin ango.

Daga filin ya wuce ƙofar gidansu don ɗaukar amarya, bai kashe inji ba. Ya ga hadari ya haɗo daga gabas, yana so ya riga ruwa isa, ba ya kuma son abin da zai riƙe masa ƙafa a hanya.

A gidan nan kuwa akwai abin da aka gada tun kakanni. Kafin ’ya ta bar ƙofar ubanta, akan tsai da komai: ganga, waƙar zumuntar mata, janareta, har kukan yaro akan lallashe shi. Sai wuri ya yi tsit, sa’an nan dattijon ikkilisiya ya miƙa ta ga Ubangiji. Aka fito da Tabita a lulluɓe aka sa ta a kujerar baya, ita da ƙawarta. Masu ganga suka ajiye, aka kashe janareta, sauran motocin rakiya suka yi shiru. Jar motar kaɗai ta rage tana gurnani.

Ƙanwar ubansu, Gwaggo Laraba, wadda ita ce uwar rakiya, ta zo ta ƙwanƙwasa gilashi.

“Kai, ɗan nan, kashe abin nan.”

“Gwaggo, a yi addu’ar haka nan mana. Ai Allah yana ji.”

“Allah yana ji. Ni ce ba na ji. Yaya zan ce amin a kan abin da ban ji ba?”

Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Saurayin ya nuna sama ya ce, “Ki dubi hadari, Gwaggo. Wannan motar ba irin wadda kuka saba gani ba ce, ba a kashe ta barkatai.”

“Ko jirgi ce. Ubanka a keke ya kawo uwarka gidan nan, shi ma sai da ya sauka ya jingine shi aka yi addu’a.” Ta zagaya ta tsaya a gaban motar, ta gyara ɗaurin zanenta. “In ka matsu, bi ta kaina.”

Ya riƙe sitiyari gam, ya ƙudura a ransa ba zai kashe ba. Sai ya ji muryar Tabita daga baya, ƙasa-ƙasa daga cikin lulluɓi.

“Yaya, don Allah.”

Ya ja tsaki, ya kashe.

Wuri ya yi tsit. Ya ji iska tana kaɗa ganyen darbejiya, ya ji shesshekar mahaifiyarsu daga zaure. Dattijon ya fara addu’a, ya kuwa ja ta da tsawo. Ya yi wa amarya, ya yi wa ango, ya yi wa hanya, ya yi wa ’ya’yan da ba a haifa ba tukuna. Saurayin bai ji rabinta ba. Idonsa ɗaya a rufe, ɗaya a kan hadari.

Da aka ce amin, ya tayar da mota. Fitilar nan ruwan ɗorawa ta ɓace, masu tsaro sun dawo. Ya kai hannu zai danna maɓallin, sai hannunsa ya bugi wani abu. Gwaggo Laraba ta riga ta shigo gaba, ta kuma girke wata ƙatuwar kular abinci daidai kan wurin.

“Gwaggo, ɗan ɗaga kular nan.”

“In kai ta ina? Kaina? Abincin surukai ne, ba ya zama wajen ƙafa.”

Motocin baya suka fara danna hon, yayyafi ya fara sauka a gilashi. Ya cije leɓe ya ce a ransa, bari mu isa bakin garin, can zan yi abina. Ya ja mota.

Ba su yi nisa ba ruwa ya kece. Maimakon ya sassauta, sai ya ƙara wuta, ya bar sauran motocin a baya can. Gwaggo ta dafe kularta da hannu biyu.

“Ɗan nan, amarya muka ɗauko, ba gobara za mu je kashewa ba.”

Ya ci gaba da taka totur. A hanyar akwai wata gangara da take sauka zuwa gada, da kwana a ƙarshenta. Ruwa ya wanko jar laka daga gonaki ya shimfiɗa a kan kwalta, bai gani ba sai da ya hau. Nan take ya ji bayan motar ya tafi. Ƙarfen gada da yake gabansa ya koma ta gefen tagar Tabita, a ƙarƙashinsa kuwa kogi ne ya cika ya yi ja. Ya murɗa sitiyari, amma ya san ya makara. Wannan juyin ya san shi sarai, shi ne wanda aka yi masa tafi a kansa ɗazu.

Sai ya ji wani gurzo a ƙarƙashinsa. Ƙafarsa tana kan totur, amma motar ta yanke wuta da kanta. Ta kama wannan taya, ta saki, ta kama waccan. Bayanta ya dawo, hancinta ya miƙe, suka haye gadar, ƙarfen ya wuce su da ɗan abin da bai kai tafin hannu ba.

Ya gangara gefen hanya ya tsaya. Hannuwansa suka ƙi sakin sitiyari. Ƙawar amarya tana kuka, Tabita tana kiran sunan Yesu ba ƙaƙƙautawa. Gwaggo Laraba ta sauke numfashi, ta leƙa cikin kularta, sa’an nan ta dube shi.

“Kai, ashe dai ka iya tuƙi.”

Ya ce, “Ba ni ba ne, Gwaggo.”

Ya zauna nan har sauran motocin suka cim musu, sa’an nan ya bi su a baya.

Da suka isa bakin garin ango, ruwa ya ɗauke. Samarin garin sun cika filin da ke gaban gidan, sun buɗe da’ira suna jira, gama labari ya riga ya iso. Barnaba ya diro daga wata mota ya rugo yana haki. Gwaggo kuwa ta ɗauke kularta ta ɗora a cinya tana shirin sauka. Ga maɓallin nan a fili, ba abin da ya tare shi.

Barnaba ya ce, “Mutumina, ga fili ga mai doki! Su sauka nan su ƙarasa da ƙafa, kai ka shiga ka ba su kashi.”

Saurayin ya dubi maɓallin. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya ga Tabita tana gyara lulluɓinta.

Ya ce, “Ba zan yi ba.”

“Ba za ka me ba? Kai, kada ka kunyata mu a garin mutane!”

“Ƙofar gida aka ce in kai ta. Matsa, Barnaba.”

Samarin suka gane ba za a yi wasa ba, suka fashe da dariya. Wani ya ce, “Ashe kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi!” Wani ya ce a kawo jaki ya ja ta. Barnaba ya jefar da hularsa ƙasa don takaici. Saurayin ya ji kowace kalma, amma hannuwansa biyu suna kan sitiyari, bai sauke ko ɗaya ba. Matan zumunta suka tare su da waƙa, ya bi su a hankali daidai takun ƙafarsu, har ƙofar gidan. Ya kashe inji, ya fito, ya buɗe wa ƙanwarsa ƙofa da kansa. Ta sa ƙafa a ƙasa, ta shiga gidan mijinta lafiya.

To, ’yan’uwa, ga abin da misalin nan yake faɗa mana.

Motar ita ce ƙarfin da Ubangiji ya ba kowannenmu, musamman mu matasa: jini a jika, ɗan ilimi, ɗan abin hannu, bakin magana. Kyauta ce mai kyau, amma ta fi ƙarfin hannunmu. Shi ya sa bai ba mu ita haka kawai ba, ya haɗa mana da masu tsaro, wato lamiri da tsawatarwar Ruhu Mai Tsarki, wannan muryar da take cewa “koma” sa’ad da ka fara kaucewa. Tana da takura, ba musu. Amma ku lura, ba ta mutuwa da kanta. Mu ne muke sa yatsa mu danna, mu riƙe, a tambaye mu ko da gaske muke, mu ce i. Galibi kuwa ba don wata babbar mugunta muke yi ba. Don a tafa mana ne.

Muna kuma mantawa da kujerar baya. Wanda ya ce rayuwarsa ce, zai yi yadda ya ga dama, bai waiwaya ba ne. Akwai uwa a ciki, akwai ƙanne, akwai wadda ta yarda da kai.

Kashe inji kuwa shi ne tsayawa shiru a gaban Allah. Saurayin nan da tsaki ya tsaya, rabin addu’ar ma bai ji ba, duk da haka abin da ya kora ya dawo masa. Wannan shi ne alherin Ubangiji, ba wayonmu ba. Mutumin da ba ya taɓa tsayawa, daga aiki zuwa waya, daga waya zuwa majalisar abokai, yana iya yin shekara da fitilar gargaɗi a kunne a gabansa, har idonsa ya saba da ita. Kada kuwa wani ya ce ai ni ma za a tare ni. Ba kowace rana Gwaggo take tsayawa a gaban mota ba.

Abu mafi wuya bai faru a kan gada ba, can masu tsaro ne suka yi wa saurayin aikin. A filin nan ya faru, inda ba mai hana shi, ga maɓalli a fili, ga abokai suna kira. Kai ma za ka tsaya a irin wannan fili, wataƙila tun kafin Lahadi mai zuwa. Ka yanke shawararka tun yau, kana zaune a nan, domin a can ba za ka sami lokacin tunani ba. Za su yi maka dariya, abokinka ma zai yi fushi. Bar su. Kai dai riƙe sitiyari da hannu biyu, ka kai waɗanda aka danƙa maka har ƙofar gida.