Ranar da Kurege Ya Fita Daga Masu Rai

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku ji da kyau, ba na maimaitawa.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, tafkin dawa ya ƙafe. Zaki ya kira gayya, ya ce duk mai rai ya fito a haƙa rijiya.

Kiyashi ya ce, "Ranka ya daɗe, har da mu ƙanana?"

Zaki ya ce, "Kana ci? Kana sha? Kana numfashi? To kai mai rai ne. Kwashi ƙasa."

Kurege ya ce, "Kukar nan ma tana sha, ban ga an ba ta dagi ba."

Zaki ya ce, "Ta ba da inuwa, aikinta ke nan. Kai me ka bayar?"

Kurege ya kau da kai. Idonsa na kan furar gayya da aka ajiye a gindin kuka. Ita kuwa furar gayya, sai wanda ya yi gumi.

Da aiki ya kankama, Kurege ya sulale. Ya sha, ya sha, ya sha, har ƙwarya ta ƙare, cikinsa ya yi kamar ganga. Sai ya ji tafiya. Gudu ya gagara. Ya ce a ransa, "Masu rai aka kira aiki, masu rai ake hukuntawa." Ya faɗi, ya miƙe ƙafafu, ya rufe ido.

Ashe Kura ce. Ta shinshina shi, ta ce, "Wayyo, Kurege ya mutu! Allah sarki!" Tana kuka, yawu na zuba.

Nan Kurege ya tuna al'adar dawa. Abin da ba shi da rai, rabon Kura ne.

Aka taru. Zaki ya ce tsoho Kunkuru ya duba, ko da sauran rai.

Kunkuru ya ce, "Yana ci?" Ya sa masa gyaɗa a baki. Kurege ya daure.

Kunkuru ya ce, "Yana sha? Kamar fura nake gani a gashin bakinsa."

Kura ta yi wuf ta lashe, ta ce, "Ina? Ni ban ga komai ba. Baba Kunkuru, yi sauri, rana ta yi zafi, kada ya lalace."

Kunkuru ya ce, "Yana numfashi?" Ya ɗauko gashin zabo, ya kara masa a hanci.

Kurege ya riƙe numfashi. In ya numfasa, ga Zaki. In bai numfasa ba, ga Kura. Kunkuru kuwa ba ya gaggawa. Ƙirjin Kurege kamar zai fashe, Kura har ta kama wutsiya.

Sai gashin ya shige hanci. Atishawa!

Kurege ya tashi zaune, yana waige-waige. Ya ce, "Ina ne nan? Kai, an koro ni! Har na kai ƙofar Lahira, mai tsaron ƙofa ya dube ni, ya ce, 'Ba kai muka aika a ɗauko ba. Wata ce mai dabbare-dabbare, tana ɗingishi. Koma ka turo ta.'"

Kura ta saki wutsiya. Ba ta yi sallama da kowa ba, sai ƙura.

Zaki ya ce, "Furar fa?"

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya sha ta ya mutu. Ni sabon zuwa ne."

"Sabon zuwa, kana numfashi?"

"Ina yi, ranka ya daɗe."

"To ɗauki dagi."

Kowa ya koma inuwar kuka ya zauna. Kurege ya haƙa, ya haƙa, ya haƙa, kwana uku shi kaɗai, kafin ruwa ya ɓullo.

Shi ya sa har yau ba ya rabuwa da tonon rami. In ya gan ka kuma, sai ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, don kowa ya shaida da ransa.

Ƙurunƙus kan kurege. Wanda zai yi mutuwar ƙarya, ya fara tambaya ko Kura ta ƙoshi. Ku tashi, na gama.