Waƙar Jifan Tubali

An ce a zamanin da, tun ana kewaye birni da ganuwa, an yi wani sarki wanda ya gaji ƙasa mai albarka da ganuwa mai tsufa. Wata shekara aka yi damina mai ƙarfi, ganuwar ta zube daga ƙofar gabas har marina, ta bar gibin da ayari guda zai shige a jere. Da rani ya shigo Sarki ya sa aka yi shela, kowace unguwa ta fito aikin gayya. Mutane suka fito, gama ba a ƙin kiran Sarki, amma aka yi wata guda gini bai wuce ƙugun mutum ba.

Sarki ya kira Wazirinsa, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya tambaye shi ko a sa dogarai su shiga da bulala. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutanen nan ba ƙyuya gare su ba. A gona da kiɗa suke noma, a nan kuwa an tara su shiru kamar masu zaman makoki. A nemo musu waƙa."

Aka sake yin shela, duk mawaƙin da ya kawo sabuwar waƙa wadda za ta ɗaga ginin nan kafin ruwan fari, za a naɗa shi Sarkin Kiɗa, a ba shi gida da gona. Amma sai waƙa ta bi ta kunnen Waziri kafin ta isa gaban Sarki.

A cikin birnin akwai wani mawaƙi ana ce masa Jatau. Ubansa ya mutu ya bar masa taushi, ɗan gangan nan na mawaƙan fada, ya kuma bar masa 'yan amshi uku, babbansu wani mai furfura ana kiransa Mati. Murya kam Jatau yana da ita, ubangida ne ba shi da shi. Shekara biyu suna yawo ƙofar attajirai da sabbin waƙoƙi, wannan ya ce a dawo gobe, wancan ya ba su goro ya shige gida. Mati ya riga ya gaya masa gaskiya, suna da iyali, in wannan karon ma ba a dace ba za su nemi wani su bi. Mawaƙin da ba shi da 'yan amshi kuwa ya sauka daga mawaƙi ya koma mabaraci mai ganga, kuma ba abin da Jatau yake tsoro kamar wannan.

Ya zauna kwana bakwai ya tsara waƙa. Ya jero kakannin Sarki goma sha biyu, kowa da yaƙin da ya ci, ya yi mata amshi mai tsawo mai lanƙwasa, har shi kansa in ya rera sai tsikar jikinsa ta tashi. Suka tafi zauren Waziri suka zube suka yi gaisuwa, suka rera ta tun daga farko har ƙarshe. Waziri bai yaba ba, bai kushe ba. Sai ya kira dogarin da ke tsaye bakin ƙofa ya ce ya maimaita amshin. Dogari ya sosa ƙeya, ya kamo kalma biyu, sauran suka gagare shi.

Waziri ya ce, "Muryarka da daɗi, ɗana. Amma mutumin nan ba abin da yake yi sai tsayuwa, ya ji amshinka sau ashirin bai riƙe ba. Ina ga wanda ke ɗauke da kaya? Je ka sake."

Jatau ya fito ransa a ɓace, yana gaya wa Mati cewa tsohon nan bai san waƙa ba. Da fushi ya huce kuwa sai ya faɗa wani kuskuren, ya shiga bin gari yana rera wa kowa yana neman gyara. Malamin unguwa ya ce a sa wa'azi, ya sa. Wani attajiri ya ce a ambaci fatake, ya ambata. Mahauci ya ce kiɗan ya yi sanyi, ya ƙara masa sauri. Gwaggonsa ta ce ya yi sauri da yawa, ya rage. Da ya gama, waƙa ta zama kamar rigar da aka ɗinka da ƙyalle goma.

Waziri ya saurara, ya ce, "Ta farko ba ta yi ba, amma taka ce. Wannan ba ta yi ba, kuma ba taka ba ce. Su wa ka tambaya?" Jatau ya lissafa masa su. Waziri ya ce, "A cikinsu wane ne zai ɗauki tubali?" Jatau ya tashi ya fita.

A ƙofar zauren Mati ya yi masa sallama. Ya ce shi da sauran za su koma wajen Barmo, wani gogaggen mawaƙi mai riguna da iyayen gida, wanda shi ma yake neman sarautar. Ba su rabu da faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Jatau ciwo. Ya koma gida ya yi kuka sosai, ba don sarauta ba.

Kashegari ya rataya taushinsa ya nufi ganuwa, gama tambayar Waziri ta ƙi barin kunnensa. Sarkin Magina, wani gajere mai faɗa ana ce masa Cindo, ya dube shi sama da ƙasa ya ce nan ba gidan biki ba ne, in aiki ya zo ya ajiye ganga. Ya ajiye. Aka sa shi cikin masu jifa. Ga yadda aikin yake: magini yana zaune a kan gini, na ƙasa ya duƙa ya ɗauki tubali, curin ƙasar nan da aka busar a rana, ya wurga shi sama, magini ya cafe ya dasa a cikin laka.

Jatau ya ce bari ya gwada waƙarsa yana jifa. Bai kai kakan Sarki na biyu ba numfashi ya ƙare masa, tubali ya tafi a karkace ya dawo masa a kan ɗan yatsa. Aka yi ta dariya, Cindo ya ce ko kakannin ne suka rama. Jatau bai yi fushi ba wannan karon. Ya yi shiru kwana da kwanaki yana jifa yana saurare, hannunsa ya yi kanta, ƙafarsa ta yi faso. A nan ya gane mai jifa kalma uku kawai ƙirjinsa ke ɗauka. Ya kuma gane akwai wani ɗan lokaci, sa'ad da tubali ya bar hannu bai isa sama ba, da na ƙasa ke jan numfashi, na sama kuma ya zuba ido, ba mai iya cewa uffan.

Sai ya yi amshi daidai wannan. Na ƙasa su ce, "Duƙa, ɗauko, jefo," a yi shiru bugu ɗaya, na sama su amsa, "Na cafe." A baitoci kuma ya bar kakanni ya kama sunayen masu aikin da unguwanninsu. Ya gwada wa mutum goman da suke aiki tare. Cindo ya ce wuri kaza ya yi tsawo, ya yanke. Wani ya ce a sa wa shirun nan wata kalma don ya yi daɗi, ya ƙi, gama yanzu ya san gyaran da zai karɓa da wanda zai bari.

Ana nan sai Mati ya biyo ta wajen don ya duba ɗan tsohon maigidansa. Ya ji amshin sau biyu ya tafi, amshi kuwa ya bi shi har gida. Yana zaune zauren Barmo yana ta rera shi bai sani ba. Barmo ya kasa kunne, ya san ya ji abin sayarwa. Amma mawaƙin fada ba ya iya barin gurbi a waƙa, a ganinsa shiru mantuwa ce. Ya cike gurbin da kirari, amshi ya koma, "Duƙa, ɗauko, jefo, don Sarki mai duniya, na cafe." Ya kai wa Waziri, dogari ya maimaita tsaf, aka wuce da shi gaban Sarki.

Labari ya kai ganuwa. Ana shirin kawo rawani sai ga Jatau da laka har gwiwa, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce waƙarsa ce. Barmo ya rantse tasa ce, fadawa suka goyi bayan mai riga. Waziri ya dubi ƙafafun mutanen biyu, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, waƙar gini ba a yi mata shari'a a kan kilishi. A tafi ganuwa."

Aka tafi, Sarki da kansa. Barmo ya fara. Masu jifa suka saki tubali a kan "jefo", amma kirari ya hana su numfashi, magina kuma suna jiran "na cafe" tubali ya riga ya iso. Wani tubalin ya bugi magini a ƙirji, wani ya dawo ƙasa ya fashe, Cindo yana ta zage-zage a gaban Sarki bai ma lura ba. Aka ce Jatau ya karɓa. Ya buga taushi, mutanensa goma suka amsa, kafin baiti na uku amshi ya bi ganuwa har marina, tubali yana tashi tamkar hannu ɗaya ke jefa shi.

Waziri ya tambayi Barmo abin da ke tsakanin "jefo" da "na cafe", ya ce sunan Sarki. Ya tambayi Jatau, shi kuwa ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Tubali ne a sama."

Sarki ya ce, "To, ni ina nake a waƙar taka?"

Jatau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na gwada sa ka a ciki, tubali bakwai suka fashe."

Sarki ya dubi gini, ya ce, "A bar ni a waje, a ba ni ganuwa."

Mati ya fito ya durƙusa ya faɗi yadda amshi ya kuɓuce masa a zauren Barmo. Sarki ya yanke wa Barmo jifan tubali har a gama aiki, ya ce ko ba komai zai koyi inda ake numfashi. Aka rufe gibin saura kwana tara ruwa ya sauka. Jatau ma, da ya ga ya sami fada, ya sake kai wa Waziri waƙarsa ta kakanni goma sha biyu, Waziri ya saurara har ƙarshe ya ce har yanzu ta yi tsawo.

Ranar naɗi aka taru a ƙofar fada, aka ɗaura wa Jatau rawani, aka ce ya yi wa jama'a waƙa. Ya duba bayansa, inda 'yan amshi ke tsayawa, ba kowa. Can gefe ya hango Mati da sauran biyun a rakuɓe, kunya ta hana su matsowa. Ya ɗaga wa taro hannu kada kowa ya amsa. Ya buga taushin ubansa, ya dubi Mati, ya rera, "Duƙa, ɗauko, jefo."

Waɗanda suka halarta sun ce ba a taɓa yin shiru mai tsawon wannan a waƙar ba. Sa'an nan tsohon ya share ido da hannun riga, ya tako ya tsaya a inda ya saba tsayawa tun zamanin uban Jatau, ya ce, "Na cafe."