Rijiyar Surukin Tanimu

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai gyaran waya a wani gari, sunansa Tanimu. Ku saurara, jama'a. Na can baya, ku matso.

Ƙungiyar ci gaban garin ta sami halin haƙa burtsatse ɗaya tak. Unguwanni rututu, burtsatse ɗaya! Kowa ya ce ƙishirwarsu ta fi ta kowa. Da gardama ta ƙi ƙarewa, aka ce Tanimu ya zaga da wayarsa, duk inda ya ga rijiya ya sa mata ɗigo a taswirar gari cikin kwamfuta. Unguwar da ta fi nisa da ruwa, ita za a haƙa wa.

To, surukinsa Alhaji Nababa yana da rijiya a cikin gida, can bayan rumbu, ruwa garai-garai. Ya aika aka kira shi. Tanimu ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure, kai a ƙasa.

Alhaji ya ce, "Wannan 'yar rijiyar tawa ai ta cikin gida ce, ba sai na'urarka ta gan ta ba. In unguwarmu ta fito a bushe, burtsatse namu ne."

Kun dai san kunyar suruki. Mutumin da ko abinci ba ka iya ci a gabansa, da wane baki za ka ce masa a'a? Ga 'yarsa Lantana a gidanka! Tanimu ya ƙara sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, a gafarce ni. Amana aka ba ni."

"Tashi ka ba ni wuri!" in ji Alhaji. Daga ranar ko gaisuwarsa ya daina amsawa.

Ranar taro aka haska taswira a bangon makaranta. Unguwar Marina ta fito fayau, ba ɗigo ko ɗaya. Nan fa hayaniya ta tashi. Wani tsoho ya ce, "Na'ura ba ta ƙarya, amma mai danna ta fa? Wa ya san abin da ya ɓoye?"

Taro na shirin watsewa, sai wata mai ƙosai ta nuna bango. "Wancan ɗigon ba gidan Alhaji Nababa ba ne? Kai, ko surukinsa bai ƙyale ba!"

Wuri ya kaure da dariya. Tsohon ya ce, "Wanda ya tona rijiyar surukinsa, na yarda da sauran ɗigonsa. A haƙa wa Marina."

Alhaji ya dubi Tanimu, ya kasa riƙe dariya. "Ja'iri! Ashe ba maƙaryaci na ba 'yata ba. To maƙwabta, tunda asiri ya tonu, kowa ya zo da gugansa."

Kun ji fa. Garin ya nemi ruwa wuri ɗaya, gaskiya ta ba shi biyu. Na'ura ba ta da amana, 'yan uwa, amana tana ga yatsan da ke danna ta. Yau kowa a nan da waya a aljihu. Ran da aka ba ka aikin jama'a, ka sa ɗigo inda yake, ko da a bayan rumbun surukinka ne. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.