Ragunan Joji

A zamanin Turawa an yi wani Joji, wato alƙalin Bature, mutumin ƙasar Wales, wanda sunayen mutanenmu suka gagari bakinsa. Ya tara gari ya ce, "Daga yau zan sa wa kowa sunan Ingilishi. Wanda ya ƙi amsawa, sai gidan yari."

Nomau wanzami ya durƙusa ya ce, "Zaki, ana canza suna haka kawai?"

"Ana yi mana! Iyayena sun sa mini Yeyan, Turawan Ingila suka mai da ni Jon. Na mutu?"

"Ba ka mutu ba. Amma a nan uba ne ke zaɓa wa ɗa suna."

"To, ni ne ubanku duka!"

"Jama'a, kun shaida! Baba, suna ba ya kama mutum sai ubansa ya yanka masa rago. Yaushe za mu zo cin nama?"

Joji ya dubi taron, ya ga kawuna har bayan kasuwa. Ya haɗiye yawu ya ce, "Kowa ya riƙe sunansa."

Nomau ya ce, "Mun gode, Yeyan. Kai ma riƙe naka. Jon ɗin nan ko kaza ba a yanka masa ba."