Agogon da Ba Ya Bukatar Wani

Lokaci, 'yan'uwa, dukiya ce da in ta zube ba a kwashe ta. Na tabbatar da haka, gama na zubar da nawa da yawa a kan waɗannan bencina ina sauraron masu wa'azi suna faɗin haka. Saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Akwai wani mutum, malamin lissafi a wata sakandare, wanda yake son agogo. Ba irin son da ni da ku muke yi ba, mu ɗaura shi a hannu mu makara zuwa sujada. Shi cikin agogon yake so. Yakan bi masu sayar da tsofaffin kaya yana neman agogon da, mai inji, wanda ba ya cin batir. In ya samu sai ya kawo gida ya buɗe shi, ya canza masa fuska, ya canza masa hannaye, ya rufe. Wasu ma sukan ci gaba da tafiya bayan haka.

Yana da tebur a lungun falo wanda ba mai taɓawa. A kansa akwai ƙananan sukudireba a jere, ƙaramarsu ba ta kai tsinken sakace kauri ba. Akwai matsefata biyu, ta ƙarfe da ta tagulla, domin ya karanta cewa ta ƙarfe takan ɗauki maganaɗisu ta rikita agogo. Akwai gilashin ido ɗaya, wanda in ya maƙala shi ya karkata kai sai ya yi kama da kaza mai duban shaho. Yakan ce mutumin da zai iya buɗe bayan agogo da bakin wuƙa, ba abin da ba zai iya aikatawa ba.

Wata rana matarsa ta tsaya a kansa ta ce, “Baban Keziya, wannan sukudireba da aka kawo jiya, ba irinta ce a aljihun teburin ba?”

Ya ce, “Waccan bakinta ya yi kauri.”

Ta ce, “To. Allah ya ƙara siranta.”

Mutumin nan yana da mahaifi, tsoho, a ɗaya gefen gari, a wani gida bayan majami'a. A zamanin ƙarfinsa shi ne mai buga ƙararrawar sujada, wato ƙarfen ƙafar babbar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro. Jama'a ne suka haɗu suka saya masa agogon hannu don ya riƙa bugawa a kan lokaci. Yanzu matarsa ta rasu, idanunsa sun dushe, sanyi ya kama yatsunsa har ba ya iya ɓalle maɓallin riga. 'Yarsa Liyatu ce take zaune da shi, ita kuwa aikin asibiti take yi, tun safe sai yamma.

Agogon tsohon nan irin mai wani ne. Yara, ku da kuka tashi kuka tarar da waya, wani shi ne a kama ɗan kunnen da ke gefen agogo a murɗa shi har ya yi tauri. In an yi, agogo ya yi tafiyar yini da kwana. In ba a yi ba, ya tsaya. Yatsun tsohon ba sa iya kama kunnen. Don haka kowace safiya, kafin makaranta, ɗan yakan hau babur ya tsallaka gari, ya zauna a bakin gadon, ya kwance agogon, ya yi masa wani, ya daidaita shi, ya mayar. Yana murɗawa tsohon yana magana: ruwan bana, ciwon gwiwa, mutanen da suka mutu tun ɗan yana goye. Ɗan yakan ce “I, Baba,” kunnensa yana kan agogo.

Za ku tambaya me tsohon da ba ya zuwa ko'ina zai yi da lokaci. Ni ma na tambaya. Ba mai jiransa sai Ɗaya, Shi kuwa ba ya faɗa wa kowa ƙarfe nawa.

Ana nan, ran nan ɗan ya ce, “Baba, zamani ya wuce wannan wahala. Akwai inji mai yi wa kansa wani. Akwai wani ƙarfe a ciki kamar rabin wata, in hannu ya motsa sai ya juya, shi ke nan. Bari in sa maka.”

Tsohon yakan kira shi Injiniya, ko da yake ba wata makaranta da ta ba shi wannan suna. Ya ce, “Injiniya, bar shi yadda yake. Agogon tsoho ba ya tafiya sai da wani.”

A nan sai ku kasa kunne. A takarda, wanin da ake yi wa agogo da wani mutum rubutunsu ɗaya ne. Baki ne yake raba su, ya ja ɗaya ya taƙaita ɗaya. Tsohon kuwa haƙoransa sun zube, numfashinsa ya yi gajere, kalmomin biyu sukan fito masa iri ɗaya. Ko kuwa shi ne ya so su fito iri ɗaya, ban sani ba, ba na wurin. Ɗan dai wanin agogo ya ji.

Ya ce, “Abin da zan magance ke nan, Baba.” Ya sa agogon a aljihu ya tafi.

Sabon injin ya fi gidan agogon kauri, sai ya sayi sabon gida. Tsohuwar fuskar ba ta zauna a kan sabon injin ba, sai ya sa wata, baƙa, mai lambobin da ke haske a duhu, abin da zai amfani makaho ƙwarai. Hannayen ma aka canza. Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ba ƙura ko ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin gilashin. Da ya kai, tsohon ya shafa shi gaba da baya.

Ya ce, “Na wa ne wannan?”

“Naka ne, Baba.”

Tsohon ya ci gaba da shafawa har yatsansa ya kai kan maɗaurin fata, wanda shi kaɗai ne ba a canza ba. Ya ce, “To, wannan dai mun san juna.” Ya lalubi kunnen ya ce, “Ina za ka murɗa?”

“Ba a murɗa wannan. Ko an murɗa ba ya kamawa. Ba ya bukatar kowa.”

Tsohon ya ce, “Ya ji daɗinsa.”

Daga nan zuwan kowace safiya ya zama na ranar Lahadi. Na ranar Lahadi ya zama na Lahadin Jibin Ubangiji, wadda ba kowane mako take zuwa ba. Ba faɗa aka yi ba. Dalilin zuwa ne aka gyara.

Ba a daɗe ba Liyatu ta kira shi a waya ta ce, “Yaya, agogon Baba ya tsaya.”

Ya ce, “Ba zai yiwu ba.”

“To zo ka faɗa wa agogon.”

“Yana motsa hannu kuwa?”

“Yaya, Baba ne fa. Ina zai kai hannun?”

“Ki ce masa ya riƙa kaɗawa safe da yamma. Motsi kawai yake so.”

Tsohon mutum ne mai biyayya ga masu ilimi. Ya sa aka fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna yana kaɗa hannu sama da ƙasa. Masu wucewa suka ɗauka gaisuwa ce, suka riƙa ɗaga masa hannu daga nesa, shi kuwa ba ya ganinsu. Wani ɗan acaba ya taka burki ya ce, “Baba, ina za ka?” Ya ce, “Ba ko'ina, ɗana. Agogo nake ciyarwa.” Ɗan acaban ya dube shi, ya dubi gidan, ya ja babur ɗinsa. Bayan ɗan lokaci kafaɗa ta ƙi, aka mayar da kujera ciki, agogo ya sake tsayawa.

Ɗan ya zo da kansa. Ya ɗaura agogon a hannunsa, ya kai ya komo a tsakar gida, agogo ya kama tafiya.

Ya ce, “Baba, lafiyarsa ƙalau.”

“Na sani. A hannunka ai.” Sa'an nan ya ce, “Injiniya, ina tsohon injin? Mayar mini da shi mana.”

Ɗan ya duƙar da kai. Ya riga ya warware tsohon injin don ya ga yadda aka ƙera shi. Wata 'yar ƙafa mai haƙora daga cikinsa tana aiki a agogon wani abokinsa, wani ɗan sukuru kuma ya yi tsalle daga bakin matsefata ya shiga duniya. Bai faɗi wannan ba. Ya ce zai tafi da agogon ya bincika sosai, gama akwai na'urar da ake ɗora agogo a kai, ta saurari bugunsa ta faɗi abin da ke damunsa.

Tsohon ya ce, “Har an yi na'ura mai sauraro?”

“An yi, Baba.”

“Madalla. To bar mini shi ko a tsaye, hannun ya saba.”

“Ba zai daɗe ba.”

Na'urar iri biyu ce, ƙarama da babba, mutumin kuwa ba ya sayen kayan aiki da gaggawa. Ya karanta, ya kwatanta, ya tambayi 'yan'uwansa masu son agogo a waya, suka rabu gida biyu, kowane gida da hujjojinsa. Liyatu ta kira ta ce Baba yana tambayar agogo. Ya ce ta gaya masa an kusa. Ta sake kira, ya ce an kusa. Daga baya ta daina kira a kan wannan, domin Baba ya daina tambaya. Bai so ya je hannu wofi ba, shi ya sa bai je ba. A ganinsa wannan ladabi ne.

Tsohon ya rasu wata rana da damina, Liyatu tana wurin aiki. Maƙwabciya ce ta shigo kwashe shanya ta tarar da shi. Da fasto ya tambayi ƙarfe nawa abin ya faru don a faɗa wa jama'a, aka dubi juna. Aka ce da rana ne.

Da ɗan ya iso, an riga an shirya gawar. A wuyan hannun tsohon akwai zobe na farar fata inda maɗauri ya zauna shekara da shekaru. Ɗan ya fara kwance agogon daga nasa hannun, inda yake tun ranar da ya tafi da shi, don ya ɗaura wa ubansa. Liyatu ta riƙe shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Bar shi a hannunka, Yaya. Kai ne mai motsi.”

Na'urar ta iso ana cikin zaman makoki. Babbar ya zaɓa. Da baƙi suka watse ya ɗora agogon a kai, ta saurara, ta nuna ba abin da ke damunsa.

Ma'anar wannan misali ita ce. Tsofaffinmu ba sa cewa, “Zo ka zauna da ni.” Ba a koya musu ba, kunya ma ba za ta bari ba. Sai su ce rediyo yana shan iska, maganar ba ta fita sosai, ko sakatar ƙofa ta yi tauri, ko a zo a duba musu wannan magani na safe ne ko na dare. Agogon shi ne wannan 'yar bukata, ƙofar da tsoho yake bari a buɗe don ya kira ɗansa ba tare da ya yi roƙo ba. Kayan aikin kuwa su ne wayonmu, mu da aka kai makaranta. Muna jin bukatar, mu kashe ta gaba ɗaya, mu koma gida da farin zuciya. Mun toshe ƙofar, da siminti mai kyau kuwa.

Ba zan ce muku mutumin nan mugu ne ba. Ba ya sha, ba ya fashin sujada, yana cikin ƙungiyar mawaƙa. Da mugu ne da misalin ya yi sauƙi, kowa ya tuna da maƙwabcinsa. Shi dai abin da yake ƙauna ya kai wa ubansa, ya ɗauka ubansa yake ƙauna. Hannu ɗaya ne yake yin duka biyun, shi ya sa suke da wuyar rabewa.

Haka kuma muke so mu yi da Allah. Muna neman bangaskiya mai yi wa kanta wani, a ɗaura mana ita ranar baftisma ta yi ta tafiya har kabari. Amma Wanda ya koya mana roƙon abincin yini ɗaya, ba rumbu ya rasa ba. Zai iya ba mu na shekara. Ina zaton ya san sau nawa zai ga fuskarmu in ya yi haka.

In kana da tsoho, ka tafi yau. In rediyonsa yana shan iska, ka gyara shi kaɗan. Na san wasunku za su tafi, na kuma san wasu za su tsaya a hanya su saya masa wani abu, rana ta faɗi suna ciniki.

Wata 'yar'uwa ta tambaye ni ko mutumin ya tuba. An ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, ban kuwa ga dalilin musu ba. Ya kasa ɗaura agogon, ya kuma kasa ganinsa a tsaye. Sai ya bincika, ya kwatanta, ya sayi wani ɗan akwati mai jujjuya agogo dare da rana, don kada ya ƙara tsayawa har abada, ko da hannu ko babu.

Akwatin da wutar lantarki yake aiki.