Karen da Aka Cire wa Gardama

Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa da ke aiki a ɗakin bincike, inda ake gwada na'urori a jikin dabbobi. Yana da ƙanwa makauniya, Auta, mai amsa waya a wani kamfani. Karenta ne ke yi mata jagora zuwa aiki. Mai Gardama take ce masa, don wani lokaci sai ta ce "mu je" ya kafe kamar an dasa shi.

Wannan hali yana ƙona wa likitan rai.

"Kare yana musu da mutum? Ba ni shi kwana uku in gyara miki shi."

"Yaya, ka bar min abina. Bai taɓa tsayawa a banza ba."

Da zazzaɓi ya kwantar da ita, sai likitan ya ce zai kai karen rigakafi. Amma ɗakin bincike ya kai shi, ya dasa masa wata 'yar na'ura mai tilasta bin umarni a bayan kunne.

Da aka dawo da shi, Auta ta shafa kansa ta ji ɗinki. Ta kira shi, ya zo, amma ko wutsiya bai kaɗa ba. Ta zuba masa abinci, ya tsaya a kan kwanon har yamma yawu na zuba, don ba a ce ya ci ba.

Ta ce, "Yaya, gangar jikinsa kawai ka dawo min da ita."

Dariya ya yi. Washegari ya tara abokan aikinsa a hawa na uku, ya ɗaure wa kansa ido da ƙyalle, ya kama igiyar karen.

"Hagu." Karen ya yi hagu. "Tsaya." Ya tsaya. Aka tafa.

"Mu je."

Ashe masu gyara sun bar ƙofar lif, na'urar hawa bene, a buɗe, ba komai ciki sai rami. Karen ya gani. Waɗanda ke wurin sun ce jikinsa duka rawa yake, amma ƙafafunsa ba su tsaya ba. Kafin wani ya buɗe baki, sun faɗa.

Karen ya mutu nan take. Likitan ya rayu, amma bai sake takawa ba.

Auta ce ta yi jinyarsa, tana lalube da sanda. Ba ta taɓa goranta masa ba. Ranar da ya roƙe ta gafara yana kuka, ta ce, "Na yafe tuntuni. Amma akwai sauran karnuka goma sha biyu a kejinku, suna jiran layi."

Sai ya ce ta miƙo masa waya, ya kira ɗakin binciken ya ce kada a dasa wa ko ɗaya na'urar.

Darasi: Wanda yake ce maka "a'a" don yana ƙaunarka ya fi mai bin ka ido rufe. Kada iliminka ya sa ka raina abin da mai lalura ya sani game da rayuwarsa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.